Ƙusa a Bakin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, kujerun kushin yake yi, kuma duk wanda ya san shi ya san ba a yi masa tambaya ana sauri. Ba kurma ba ne, ba kuma girman kai gare shi ba. Mai kushin dai hannu biyu ba sa isarsa. Na hagu yana jan yadi a kan katako, na dama yana riƙe da guduma, su kuwa ƙananan ƙusoshin nan baƙaƙe ba su da wurin zama sai baki. Kawu yakan ɗebo su a tafin hannu ya watsa a bakinsa, ya riƙa turo su da harshe ɗaya bayan ɗaya. Kan gudumarsa yana da maganaɗisu, sai ya kai shi leɓe ya ɗauki ƙusa ya buga. In ka yi masa magana yana cikin wannan hali, sai ya ɗago ido don ka san ya ji ka. Amsa kuwa sai ƙusar ƙarshe ta shige katako. Abin ya bi jikinsa, har ta kai ko bakinsa ba komai, a gida ko a hanya, sai ka ga ya ɗan motsa harshe yana lalubar abin da ya rage kafin ya ce uffan. Mahaifiyata ta ce kada in yarda, da ma can haka aka haife shi, sana'ar dai ta zo ta ba shi hujja.

Mu kuwa a danginmu ba a san mu da jira ba. Mahaifiyata in ta tambaye ka abu, kafin ka ja numfashi ta ba kanta amsa ta kama wani zancen. Ni ma ita na biyo, kuma har yau ban ga laifin hakan ba, mutum da aiki a gabansa. Saboda haka yawancin rayuwar Kawu a cikin shirunsa aka yanke ta. Yana yaro mahaifinsu ya tambaye shi ko zai ci gaba da makaranta ko sana'a yake so. Yana nan yana juya maganar, tsohon ya ce to shi ke nan, gobe a kai shi wurin mai kushin. Ƙofar shagonsa koriya ce shar, saboda mai fenti ya ce kore ko shuɗi, ya ji shiru, ya buɗe gwangwanin da ya fi kusa da hannunsa. Ɗansa tilo da ke aiki a wata ƙasa in ya kira shi a waya, sau da yawa yakan kashe ya sake kira, yana zaton layi ne ya yanke, alhali tsohon yana nan da waya a kunne yana shirya masa amsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, in aka riga aka amsa masa ba ya warwarewa. A ganinsa mutum ya yi magana a gabanka ka ce ba haka ba ne, cin fuska ne. Matarsa, wadda muke kira Inna, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ta samo dabararsa. Manyan maganganu takan gaya masa da safe yana sa takalmi, ta karɓi amsa da yamma in ya dawo. Amma ko ita ƙananan abubuwa sun wuce ta. Duk zamansu da sukari take haɗa masa shayi, cokali cike-cike, yana shanyewa yana godiya. Bayan rasuwarta ne wata rana na je na haɗa masa, na ce yaya zan sa sukari, sai madara ta taso a kan wuta na ruga kicin. Ina dawowa na tarar da amsa tana jirana: ba ya son sukari, bai taɓa so ba. Na tsaya da kofi a hannu, ban san dariya zan yi ko kuka ba. Na ce to me ya hana ka faɗa mata? Ya yi shirunsa ya gama, ya ce ai tana jin daɗin zubawa.

Kada a ɗauka mutum ne abin tausayi. Ban taɓa ganin wanda hankalinsa yake kwance kamar Kawu ba. Na taɓa tambayarsa abin da ya so ya gaya wa mahaifinsu ran nan, ya ce jirgin ƙasa ya so ya tuƙa, amma kujera ma ba ta taɓa cutarsa ba. A gidansa na yi wani ɓangare na ƙuruciyata, kuma shi kaɗai ne babban da bai taɓa watsar da tambayata ba. Na tambaye shi dalilin da ya sa wata yake bin mu in muna tafiya, na manta, na shiga wasu wasannin, sai ga shi wata safiya ya kira ni ya zaunar da ni ya yi mini bayani da lemo biyu da fitila. Duk kwanakin nan ashe yana ɗauke da ita.

Shagonsa ɗan siriri ne mai zurfi, yana warin gam da sabon soso, ƙwarangwal ɗin kujeru a jibge har rufi. Ya fi son tsofaffin kujeru a kan sababbi. In ya farke wata yakan tsinci abin da gida ya daɗe yana nema, mataji, cokalin shayi, ɗan kunne wari ɗaya, maɓallin riga, ya ajiye a gwangwani ya mayar wa masu su. Kowace kujera in ya gama yakan zauna a kanta, ya lumshe ido, ya jingina baya ya ji ko akwai inda yake tokare, sannan ya tashi ya koma kan bencinsa na katako da ba ko tsumma a kai. Kemis ɗina yana tsallaken titi daidai ƙofarsa, don haka duk wannan a kan idona ake yi.

Shekaru bayan rasuwar Inna, telan da ke ɗinka masa rigunan kushin ya bar unguwar, sai wata mata daga layin baya ta zo da keken ɗinkinta ta maye gurbinsa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watse kowa da gidansa. Mai Ɗinki muke ce mata. Ta kafa kekenta a bakin ƙofa inda haske yake, kuma daga ranar shagon nan bai sake sanin shiru ba. Ni da ake ce wa mai surutu, a gabanta ɗaliba ce. Za ta yi zancen gwiwarta, ta yi na zif ɗin zamani da ba ya jimawa, ta yi na matar da ta zaɓi jan yadi ga falon da bangonsa ja ne. Tambayoyinta kuwa da amsarsu suke zuwa. Malam, wannan yadin zai isa? Ba zai isa ba. In juya shi ta tsawo? Na juya. Kawu yana can ciki, baki cike da ƙusa, yana gyaɗa kai.

Na yi zaton zai gaji. Sai na ga mutum ya fara zuwa da wuri yana share kusurwarta kafin tasa. Na ga ya fara guge rigar aiki, rigar da gam ya riga ya cinye. Wata safiya kuma na ga an yi wa kujerarta ta ƙarfe matashi mai taushi da yadin da ya fi kowanne kyau a shagon, shi kuwa yana nan a kan bencinsa. Ita ma ta fara zuwa da filas na shayi da kofi biyu, ni na tsegunta mata zancen sukari. Mai gyaran taya, mai shagon burodi, mai gadin layi, kowa ya gane abin da ke tafiya. Su biyun ne kawai suke ta Malam da Malama kamar ranar suka haɗu.

Ana haka autata, wadda ke karatun halayyar ɗan Adam a jami'a, ta zo hutu da wani aiki da malaminsu ya ba su. Wai su naɗi hirar mutane a waya, su auna tazarar da ke tsakanin inda wannan ya tsaya da inda wancan ya ɗauka. Na ce yanzu har shiru ake aunawa a makaranta? Ta ce sosai ma. Ta zaɓi shagon Kawu don tsokana, da ma ita da shi ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba, yana ce mata amaryarsa tana ce masa ta fasa, ya tsufa. Ta ajiye wayar a kan soso ta bar ta tana ɗauka tun safe har yamma. Mai Ɗinki ta tambaye ta amfanin abin. Auta ta ce abin da aka koya musu shi ne, mutum biyu in jininsu ya haɗu, amsa takan fito da sauri, kusan kafin ƙiftawar ido, domin mai saurare ya riga ya san inda maganar ta dosa. Tana shirin ƙarawa da cewa wannan ya fi ƙarfi tsakanin waɗanda ba su saba ba, waɗanda suka saba kuwa dogon shiru bai cika damunsu ba, amma Mai Ɗinki ba ta taɓa jin ƙarshen bayanin kowa ba. Ta tuntsire da dariya ta ce ashe ita a shagon maƙiyinta take aiki. Muka yi dariya duka. Amma ni na ga yadda ta saci kallon Kawu, na ga kuma ta daɗe da zare a hannu ta kasa zura allura.

Ba a jima ba babban ɗanta ya matsa mata. Ya gina gida a garin da yake aiki, ya ware mata ɗaki, yana cewa ta huta haka nan, gwiwa ta gaji da taka keke. Ta yi ta ja masa rai, yau aiki ya yi yawa, gobe ba ta jin daɗi, har ya ce zai turo mota ƙarshen wata. Ranar da ta kawo maganar gaban Kawu ina wurin, na kai mata man shafawa na gwiwa. Kawu yana kan hannun wata babbar kujera, wurin da ya fi wuya a aikinsu, inda yadi yake lanƙwasa, in ka saki kafin ka kafe shi sai ka sake daga farko. Cika bakinsa da ƙusa ke nan. Ta tsayar da keke, ta gyara mayafi, muryarta ta yi ƙasa yadda ban taɓa ji ba.

"Malam, yaron nan ya dage sai na koma wurinsa. Kai me ka gani? In tafi ne?"

Kawu ya ɗago. Na ga idonsa ya buɗe, na ga ya saki yadin da ya sha wuyar ja, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye guduma, ya kai tafin hannu baki. Amma ƙusa ba a tofar da ita kamar ɓawon gyaɗa. A hankali ake fito da ita, ana lalube da harshe kada wata ta maƙale ta bi maƙogwaro. Ita kuma ta jira, Allah ya sani ta jira, gwargwadon abin da jira yake a wurinta. Sannan ta yi 'yar dariya marar daɗi.

"Na ji. Gara in tafi, ko? Ai da ma haka ya kamata. Tela ba ya wuyar samu."

Ta taka keke da ƙarfi, ƙararsa ta cika shagon. Kawu ya tsaya da jiƙaƙƙun ƙusoshi a hannu, bakinsa a buɗe. Ya dube ta, ya dubi hannunsa, ya mayar da su baki, ya kama yadin daga farko. Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu murus. Na tsallaka titi raina a ɓace, ban ma san wanda nake jin haushi ba a cikinsu.

Kwanakin da suka biyo baya Mai Ɗinki ta ƙara surutu, amma ta daina yi masa tambaya, ko irin wadda take amsa wa kanta. Filas ɗin shayi bai daina zuwa ba, sai dai ta zuba masa ta ajiye ta juya baya. Auta kuma tana gida tana mita, wai aikinta ya lalace, ƙarar guduma ta cinye muryar kowa. Tawa, ta masu kawo aiki, har ta ita Autar, duk ƙwas-ƙwas ya rufe. Ta sa mini abin a kunne don in ji da kaina. Muka yi ta saurare, can ta tsayar ta dube ni, ta ce Mama, kin lura muryar Mai Ɗinki kaɗai ce take fita tas? Muka koma baya. Haka ne kuwa. In keke yana gudu ba ta magana, a lokacin Kawu yake bugu. Keke yana tsayawa ta buɗe baki, sai guduma ta ɗauke cak, ko da bugu ɗaya ya rage. Tun safe har yamma haka. Ni 'yar ƙanwarsa da ya goya bai taɓa tsayar mini da guduma ba, kuma gaskiya abin ya ɗan sosa mini rai.

Auta ta ce mu kai wa Mai Ɗinki ta ji da kunnenta. Har na ɗauki mayafi, sai na ajiye. Tun mutumin nan yana yaro ake aron bakinsa ana ci masa albasa, na ce wannan karon ba da ni ba. Na bari sai da yamma bayan ta tashi, na same shi yana tsince guntayen zaren da ta zubar. Na ce Kawu, kana so ta tafi? Sai na zauna a kan hannuwana na cije leɓena da haƙora, don na san kaina. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Amsoshi suka yi ta zuwa mini ina haɗiyewa. Motoci suka wuce, mai burodi ya ja ƙofarsa, ƙafata ɗaya ta mutu.

"Ba na so," ya ce.

"To ka gaya mata mana, Kawu."

Ya naɗe zaren a yatsa ya warware.

"Ai ta riga ta faɗi yadda za a yi. Kuma ɗanta ya yi ɗawainiya."

Na ce masa wannan ba fentin ƙofa ba ne da za a ce da ma duk ɗaya. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba su kamaci 'ya ta gaya wa kawunta ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya kashe fitila, ya ce in gai da yara. Na tafi gida na tabbata ruwa na zuba a kwando.

Ranar tafiya ya zo da farar riga, bai taɓa aiki ba tun safe, ko gwangwanin ƙusa bai buɗe ba. Nan na gane da shirinsa ya zo: baki a sarari, yana jiran ta kai aya ya shiga. Amma Mai Ɗinki ranar ba ta da aya. Zuciyarta ciwo take yi, ita kuwa da magana take rufe ciwo. Ta nuna masa rigunan da ta gama da waɗanda saura zif. Ta gaya masa telan da zai nema da wanda kada ya kuskura ya nema. Ta yi sallama da mai taya, ta bar wa Auta ƙaramin almakashinta, ta yi wa direban da ɗanta ya turo faɗa a kan yadda ya ɗauki keke. Kawu yana biye da ita daga ƙofa zuwa mota, daga mota zuwa ƙofa, yana buɗe baki yana rufewa. Duk inda ta ja numfashi, kafin ya motsa harshe ta ɗora. Aka ɗaure keke a bayan mota. Direba ya tayar da inji. Ni ina tsaye a gefe, ina jin tausayinsa ina jin haushinsa.

Ta dafa ƙofar mota tana cewa, "Yadin matar likita kuwa, kada ka bari a yanka shi ta faɗi, furannin za su kwanta. In za a yanka..."

"Kada ki tafi."

Tunda nake ban taɓa jin Kawu ya katse wani ba, ko da yaro ne. Muryar ma ta fito da ƙarfin da bai yi niyya ba, har mai taya ya ɗago daga aikinsa.

"Ba don ɗinki ba," ya ce. "Aurenki nake so."

Mai Ɗinki ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, magana nake yi."

Ta kuwa ƙarasa. In za a yanka a yanka ta tsawo, a bar rara saboda zif, a kuma duba furannin su fuskanci sama. Ko kalma ɗaya ba ta bari ba. Sannan ta leƙa tagar mota ta ce wa direba ya kashe inji ya sauke keken, a hankali, ƙafar keken ɗaya tana girgiɗi, ɗanta kuma ita za ta kira shi da kanta. Direban ya fito yana gunaguni. Daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa.

Ta juyo wurin Kawu, ta goge fuska da gefen mayafi.

"Tun yaushe?"

Kawu ya fara motsa harshe. Direba ya kwance igiya, ya sauke keke, ya shigar da shi shago, ya dawo, Kawu bai gama ba. Ni na san amsar, duk layin ya sani, kuma ta riga ta zo kan harshena. Na buɗe baki. Ba ta ko dube ni ba, ta ɗaga mini hannu.

"Ƙyale shi," ta ce. "Shi na tambaya."